Shanun Amana A Cikin Waya

"Bushra! Fito ki ga ɓarawon da kike zubar mana da hawaye a kansa!"

Da wannan kiran Hajiya Fanta ta tashi gidan da safe. Bushra ta ture kwamfutar da ke kan cinyarta ta fito da ɗankwali a hannu. Ta san mahaifiyarta sarai. In abin tashin hankali ya same ta muryarta rawa take yi, amma yau muryar tas take fita, har da wani ɗan daɗi a ciki.

"Umma, lafiya?"

"Lafiyar ke nan. Ungo, buɗe idonki da kyau."

Ta dangwara mata waya a tafin hannu.

Hoton wata jar saniya ce mai karyayyen ƙaho. A ƙasan hoton an rubuta Garken Malam Habu, Kahu, ga farashi a gefe. A saman kan saniyar kuma an manna jan rubutu ɓaro-ɓaro: AN SAYAR.

"Kin gane ta ai," in ji Hajiya. "Saniyar babanki ce, jikar wadda ya kai musu kiwo tun kina goye. Ja ƙasa ki ga sauran. Ga na Alhaji Sule mai shinkafa, ga na matan gidan liman. Amirun naki ya zuba shanun mutane a waya yana sayarwa, da dukiyar amana zai yi kayan aurenki!"

Bushra ba ta ji ƙarshen maganar ba. Ba saniyar take kallo ba, koren layin da ya zagaye hoton take kallo, da ɗan madanni mai siffar ƙwarya da ke ƙasa, wanda ta wuni tana gyara masa zama.

Aikinta ne. Da hannunta ta yi shi.

Ta zauna daɓas a ƙofar kicin.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Yanzu kika san da salati," Hajiya ta ce tana karɓe wayarta.

Bari in ɗan koma da ku baya, don ku san inda gizo yake saƙar.

Bushra 'yar Alhaji Murtala ce, mai sayar da hatsi a Rano. Ta yi karatunta a Kano, ta dawo gida da sana'ar da har gobe mahaifiyarta ba ta san sunanta ba: tana tsara wa mutane yadda manhajar waya za ta kasance kafin a gina ta. Amiru kuwa ɗan Malam Habu ne na Kahu, Bafulatanin da rabin masu ƙumbar susa a Rano suke kai wa shanunsu kiwo. Ba takarda, ba shaida. Ka kai saniya ka juya, bayan shekaru ka dawo ka tarar da ita da 'ya'yanta da jikokinta, ko igiya ba ta ɓata ba. Abin da Malam Habu yake ci da shi ke nan, kuma da shi yake tinƙaho.

An sha daga kafin a yarda da maganar auren nan. Malam Habu ya ce shi bai ga abin da 'yar birni mai danna na'ura za ta tsinana a gidan da ake tatsa ba. Hajiya Fanta ta ce ita ba ta haifi 'yar da za ta je tana warin kashin shanu ba, ga Salahuddeen ɗan yayanta, mai manyan motoci da suke kai shanu Kudu, yana ta zarya. Alhaji Murtala ne kaɗai ya tsaya, ya ce gidan da aka riƙe masa saniya da amana za a riƙe masa 'ya. Da ƙyar da jiɓin goshi aka tsayar da cewa mako mai zuwa za a sa rana.

Shi Salahuddeen da ya ga ta ƙofa ta ƙi, sai ya ɓullo ta taga. Ya kawo wa Bushra aiki, wai yana son manhajar cinikin shanu, a ga saniya a waya a taya, motarsa ta je ta ɗauko. Ni dai na san ba manhajar ce ta dame shi ba, dalilin zama a falon Gwaggonsa yake nema.

Ita kuwa aiki ta gani. Akwai wata na'ura ta ƙirƙirarriyar basira da masu irin sana'arta suke amfani da ita yanzu. Za ka rubuta mata abin da kake so, kafin shayinka ya huce ta zana maka manhajar tun daga farko har ƙarshe, ana dannawa ana shiga kamar gaske. Amma ba a saye ba a sayarwa a ciki. Samfuri ne kawai, kamar yadda tela yake gwada ɗinki a kan ƙyalle kafin ya taɓa shadda.

Da ta fara, sai na'urar ta cika mata shafin da shanun Turawa masu dabbare-dabbare, ba tozo, ba ƙaho. Salahuddeen ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce wane dillalin ne zai kalli waɗannan ya ɗauke shi da daraja?

Abin ya ɓata mata rai. Sai ta tuna wayarta cike take da shanu na gaske, don Amiru bai iya daɗin baki ba, in ya yi kewarta hoton saniya yake turo mata. Ta kwashe su ta zuba wa na'urar. Da aka zo gurbin sunan mai garke, sunan makiyayi ɗaya ne a ranta. Bakinta bai taɓa furta sunan surukin nata ba, amma ta ce ai rubutu ba faɗa ba ne, in ta gama za ta goge.

Ita kuma na'urar ba ta iya ganin gurbi ta bar shi haka. Ta ƙirƙiro farashi ta liƙa wa kowace saniya, wasu ta buga musu AN SAYAR don a ga yadda shafin zai yi in ciniki ya faɗa. Bushra ta gani, har ta ji daɗin yadda ya yi kyau. Salahuddeen ya matsa mata da waya a kan yana son gani, ta tura masa, sunan yana nan ba ta goge ba.

To, ga shi yau ya dawo mata ta hannun uwarta.

"Umma," ta ce, "wallahi ba Amiru ba ne. Ni ce na yi. Ba a sayar da komai ba, zane ne kawai."

Hajiya ta riƙe haɓa. "Oh ni Fanta! Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Har kin kai ki ɗauki laifin sata ki ɗora a kanki saboda namiji? Me suka ba ki kika sha a Kahun nan?"

"Umma, ki zo in nuna miki a kwamfuta."

"Ki nuna wa wanda bai san ki ba. Babanki tun da ya idar da sallah ya nemi motar a-kori-kura ya tafi kwaso shanunsa. Duk wanda yake da saniya a garken nan yana hanya."

Bushra ta miƙe zumbur. "Baba ya tafi Kahu?"

Sallamar Salahuddeen ce ta katse su. Ya shigo cikin farar shadda yana kaɗa makullin mota, ya durƙusa ya gaida Gwaggonsa, fuskar nan kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Yaya Salahu," Bushra ta tare shi, "wa ka tura wa samfurin nan?"

"Ni? 'Yan uwana dillalai kawai na tura wa a gurup ɗinmu na waya, su gani su ba da shawara. Ba ke kika ce ana gwada abu a wurin masu amfani da shi ba?"

"Ka gaya musu zane ne? Ka gaya musu ba gaske ba ne?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ba wanda ya tambaye ni."

"Ka san shanun waye! Kai da kake kwana a kara wajen cinikin shanu ka san kowace saniya da mai ita!"

"Ƙanwata, ni na rubuta sunan tsohon?" Ya yi maganar a hankali, yana kallon cikin idonta. "Ni na ɗauki hotunan?"

A nan kam bai yi ƙarya ba. Hajiya kuwa sai raba ido take tsakaninsu, bakinta a buɗe. Ta fara gane cewa 'yarta ba kare saurayi take yi ba, amma maimakon ta tausaya sai ta ja ta gefe tana raɗa.

"To ki rufa mana asiri ki ja bakinki ki yi shiru. Kin ji ni? In garin nan ya ji ke ce, ina za mu sa kanmu?"

Bushra ta fizge hannunta ta faɗa ɗaki ta turo ƙofa. Sai da ta kira ta sake kira kafin Amiru ya ɗauka. Bayan muryarsa tana jiyo hayaniyar mutane da kukan maruƙa.

"Amiru..." Kuka ya ci ƙarfinta.

"Na sani," ya ce. Muryarsa ta dishe. "Ina ganin hotunan na san daga inda suka fito. Ba wanda na taɓa tura wa su sai ke."

"Wallahi ban yi da nufi ba. Gwaji ne, na so in goge sunan, na manta. Ka yafe ni, Amiru, na kashe ku!"

"Daina kuka ki saurare ni. Na gaya wa Baffa ni ne."

"Ka ce me?"

"Na ce ni na sa su a waya, ina so in ga abin da za su yi a kasuwa. Ya ce tsakanina da Allah? Na ɗaga masa kai."

"Ka yi hauka ne? Ɓarawo fa suke ce maka! A gidanmu ma yanzu da sunan aka tashe ni!"

"Su faɗa. Ni ɗansa ne, ko ya kore ni wata rana zai huce. Ke kuwa in ya ji ke ce, Bushra, har abada ba za ki taka gidanmu ba. Da ma neman dalili yake. Ki bar ni in ɗauka."

"In bar ka ka ɗauki sunan sata? Wa zai ƙara ba ka ko akuya? Da wane ido za ka shiga kara?"

"Da idon da zan riƙa ganinki a gidana. Ya ishe ni." Ta ji yana jan hanci. "Ki yi min alkawari ba za ki zo ba. In kina sona ki zauna a gida."

Wayar ta katse.

Ta daɗe a tsaye tana kallon bango. Ta san gaskiya ya faɗa: shirunta ne kaɗai zai kai ta gidansa. Ta kuma san in ta yi shirun, duk ranar da aka nuna shi da baki a kasuwa ita ce ta nuna shi.

Ta zari hijabi ta rungumi kwamfutarta ta fito.

"Yaya Salahu, tashi ka kai ni Kahu."

"Ba inda za ki!" Hajiya ta daka mata tsawa.

"Umma, ki yi haƙuri. In bai kai ni ba zan hau acaɓa."

Salahuddeen ya miƙe har da saurinsa. Shi kam ko ta wace fuska aka juya riba yake hangowa, ya za a yi ya ƙi?

Tun daga hanyar Kibiya suka fara cin karo da abin da ta jawo. Nan wani yana jan bijimi da igiya, can an loda karsana biyu a bayan mota. Duk wadda suka wuce Bushra ta san ta, ta taɓa ganin ta a wayarta da ɗan saƙon Amiru a ƙasa. Ta cusa fuska cikin hijabi tana ta maimaita salati.

Garken yana bayan gari, gefen gonakin dawa. Rana ta take amma ba a saki shanun kiwo ba. Turaku sun fi rabi a wofi, igiyoyi zube a ƙasa, maruƙan da aka bari ɗaure a igiyar dangwali suna ta kuka. Mutane sun yi cirko-cirko, kowa yana nuna tasa.

Malam Habu yana tsaye a tsakiya, dogo siriri, ya dogara da sandarsa. Bai hana kowa ba, bai roƙi kowa ba. Duk wanda ya nuna saniya sai ya ce a kwance masa, ya kuma lissafa masa 'ya'yanta kada ya manta da ko ɗaya. Amiru yana durƙushe a gabansa, kansa a ƙasa.

Can gefe Alhaji Murtala yana tsaye ana tura jar saniyarsa cikin mota. Da ya hango 'yarsa sai ya saki baki.

"Ke! Me ya kawo ki nan?"

Amiru ya ɗago. Da idonsa ya faɗa cikin nata sai ya girgiza mata kai, yana roƙonta ba tare da ya ce uffan ba.

Ta ɗauke kai. Ta cire takalmi ta ƙarasa gaban tsohon ta zube.

"Baffa, ina wuni."

"Lafiya, 'yar Alhaji." Bai kalle ta ba.

"Baffa, ba Amiru ba ne. Ni ce."

Kowa ya juyo yana kallonta.

Ta buɗe kwamfutar a kan cinyarta, hawaye yana ɗiga a kan madannan. Ta ce musu zane ne, ba kasuwa ba ce, ba a taɓa karɓar ko sisi ba. Da ta ga ba su gane ba sai ta rubuta wa na'urar ta canja sunan mai garken, ta mai da duk shanun ba a sayar ba. Kan ka ce kwabo jan rubutun ya ɓace, sunan Malam Habu ya ɓace, jar saniyar ta dawo ba a sayar da ita ba.

"La'ilaha illallahu!" wani dattijo ya ce yana ja da baya. "Yanzu abin da ya tashe mu tun asuba ke nan?"

Alhaji Murtala ya cire hularsa ya riƙe a hannu, gumi yana keto masa. Ya kalli 'yarsa, ya kalli saniyar da ke cikin mota, sai ya taka da sauri ya riƙo hannun Malam Habu.

"Malam, na ci amanar zama. Ban tambaye ka ba na zo da mota. Don girman Allah ka yafe ni. Kai, ku sauke ta! Ku mai da ta turkenta!"

"A'a, Alhaji." Malam Habu ya zare hannunsa a hankali. "Saniyar da aka kwance da zargi ba ta komawa turkena. Ku tafi da abinku, dukanku. Allah ya sa albarka."

Aka shiga ba shi baki, wannan ya ce kaza wancan ya ce kaza, ko gezau bai yi ba. Sai da suka gaji suka yi shiru sannan ya sunkuyo ya dubi Bushra, karo na farko tun zuwanta.

"Yarinya, kin yi abin da manya suka kasa yau, kin faɗi gaskiya alhali ba ta yi miki daɗi. Kin wanke min ɗa daga sata. Na gode."

Wani sanyi ya ratsa zuciyarta, har ta fara ɗago kai.

"Amma kin nuna min abin da ya fi satar ciwo." Ya juya ga ɗansa. "Amiru, na tambaye ka tsakaninka da Allah. Ka kalli tsabar idona ka ɗaga min kai."

"Baffa, tsoro na ji kada ka..."

"Na san abin da ka ji tsoro. Ni ban gaji gona mai yawa ba, ban gaji kuɗi ba. Magana ɗaya na gada, in na ce eh to eh ce, a kanta mutanen nan suka ba ni dukiyarsu suka je suka yi barci. Ita nake shirin bar maka. Tun ba a ɗaura ba ka sayar da ita saboda mace, in an ɗaura me zai rage?"

"Baffa, laifina ne!" Bushra ta fashe da kuka tana riƙe bakin rigarsa. "Ni ka hukunta! Don ya rufa min asiri ya yi!"

"Ke ba 'yata ba ce, ba ni da hukunci a kanki."

Ya ɗaga sandar da yake dogarawa ya jefa ta gaban Amiru, ta faɗi a cikin ƙasa. Sannan ya nuna hanyar da motoci suke tsaye, inda Salahuddeen ya jingina da tasa ya harɗe hannu yana kallo.

"Ga sanda, ga hanya. In ka ɗauki sandar, ka kora abin da ya rage mu fara daga farko, kuma maganar gidan Alhaji ta mutu yau. In hanyar ka zaɓa, ka bi su Rano ka aure ta, ba zan yi maka baki ba. Amma ko gawata kada ka zo ka gani."

"Malam, a yi haƙuri, a sassauta," Alhaji Murtala ya ce.

Tsohon ya kau da kai.

Amiru ya ɗago jajayen idanunsa ya kalli Bushra. Ta ga leɓensa yana motsi.

"Na ce kada ki zo," ya faɗa a hankali. "Na roƙe ki."

"Amiru, ba zan iya bari a kira ka ɓarawo ba. Amiru, ka dube ni!"

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, hawaye yana bin kuncinsa har cikin gemu. Sannan ya kalli mahaifinsa, wanda yake tsaye ba abin dogarawa a tsakiyar turakun da ba shanu.

Ya miƙa hannu ya ɗauki sandar.

Bushra ta ƙwalla ƙara ta kira sunansa. Bai waiwayo ba, ya nufi dangwali ya durƙusa ya fara kwance maruƙan.